Gogewa Ana Aronta: Yadda Sabon Hannu Zai Riƙe Aikin da Aka Ba Shi

Kowace shekara, idan 'yan aji shida sun gama jarrabawar ƙarshe, mukan ji tambaya iri ɗaya daga bakinsu: "Malam, duk inda aka je neman aiki sai a ce ana son wanda ya taɓa yi. To, wanda bai taɓa yi ba, a ina zai fara?" Tambaya ce mai kyau. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi, wadda ɗalibai ba su cika yi ba sai ta same su, wato: idan an ba ka aikin fa, yaya za ka yi da shi?

Wasunku, tun kafin sakamako ya fito, za a miƙa musu alli a wata firamare ta ƙauye, a nuna musu aji cike da yara. Wani za a ba shi mabuɗin shagon kawunsa. Wata za a zaɓe ta ma'ajin zumuntar matasa a ikilisiya, a ɗora mata littafin kuɗi. Waɗanda suka wuce jami'a kuwa, bautar ƙasa tana jiransu, inda bayan mako uku a sansani akan tura mutum makaranta ya koyar, ko da bai taɓa tsayawa gaban allo ba. Ko a nan cikinmu, sababbin shugabannin ɗalibai za su karɓi aiki a zango mai zuwa. Dukansu abu ɗaya zai same su: nauyi ya iso kafin gogewa.

Abin da muke so mu bayyana a wannan rubutu shi ne, gogewa abu ce da ake iya aronta. Wanda bai daɗe a aiki ba yana iya riƙe aikin da kyau idan ya san yadda zai ari sanin waɗanda suka daɗe, har lokacin da nasa zai tsiro.

Me gogewa take ba mutum?

Bari mu fara duba abin da ake nufi da gogewa. Idan aka ce wani malami ya goge, ba ana nufin ya fi sabon malami sanin lissafi ko Turanci ba. Sau da yawa wanda ya fito makaranta jiya ya fi tunawa da abin da ke cikin littafi. Abin da tsohon hannu yake da shi abubuwa uku ne.

Na farko, ya san inda aiki yakan lalace. Tsohon malami ya san cewa a ranar kasuwa rabin aji ba za su zo ba, saboda haka ba zai sa gwaji a ranar ba. Tsohuwar nas ta san wane magani ne yakan ƙare da damina. Na biyu, ya san mutane: wanda ake bi ta wurinsa kafin a ga mai gari, da uban da zai zo da faɗa amma idan an ba shi kujera zai sauko. Na uku, ya san jerin aiki, wato abin da ake yi da farko da abin da zai iya jira.

Idan muka lura, duk ukun nan ana iya faɗa wa mutum su da baki, ana iya rubuta su, ana kuma iya ganinsu da ido a wurin mai yi. Ke nan ba lalle sai mutum ya yi shekara 20 kafin ya same su ba. Abin da ba a iya aro shi ne gaskiya, da riƙon amana, da son aiki. Waɗannan dole mutum ya zo da nasa daga gida.

Misali daga tarihin ƙasarmu

Akwai misalin da ya kamata kowane ɗan makarantar mishan ya sani. Yakubu Gowon ɗan mai bishara ne, ya tashi a Wusasa kusa da Zariya, ya yi firamare a makarantar St. Bartholomew ta mishan ɗin CMS, sa'an nan ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya wadda ake kira Barewa. An haife shi a 1934. A ranar 1 ga Agusta 1966 ya zama shugaban Nijeriya yana da shekara 31, yana Laftanar Kanar, ko aure bai yi ba tukuna. Bai taɓa riƙe wata ma'aikata ko lardi ba. A cikin soja ma akwai waɗanda suka girme shi a muƙami, kamar Birgediya Ogundipe. Ƙasar kuma tana cikin mummunan hali, gama an yi juyin mulki sau biyu a cikin shekarar, an zubar da jini mai yawa.

Rashin gogewarsa ya fito fili da wuri. A ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 shugabannin soja suka yi taro a Aburi, ƙasar Gana, don neman sulhu. Ojukwu, gwamnan Jihar Gabas, ya zo da buƙatunsa a tsare. Gowon kuwa ya ɗauki taron kamar zaman 'yan'uwa da za su fahimci juna. Da aka komo Legas, sai manyan sakatarorin gwamnati suka duba abin da aka amince da shi, suka nuna cewa wasu sassan za su raunana gwamnatin tarayya ƙwarai. Daga nan aka shiga gardama a kan ma'anar yarjejeniyar. Ba wannan kaɗai ya jawo yaƙi ba, amma darasin a bayyane yake: shawarar da ya kamata a nema kafin taro, an same ta ne bayan taro.

Abin da ya yi daga baya shi ne abin lura. Tun a watan Agusta 1966 ya saki Cif Obafemi Awolowo daga kurkukun Kalaba. A tsakiyar 1967 ya kawo farar hula cikin majalisar zartarwa ta tarayya. Awolowo, wanda ya girme shi da shekara 25 kuma ya taɓa zama Firimiyan Jihar Yamma, ya zama kwamishinan kuɗi da mataimakin shugaban majalisar. Malam Aminu Kano ya riƙe sadarwa, daga baya lafiya. Joseph Tarka ya riƙe sufuri, Anthony Enahoro ya riƙe yaɗa labarai, Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda shi ma ɗan Wusasa ne, ya riƙe ma'adinai da lantarki. A bayansu kuma akwai sakatarori irin su Allison Ayida, da Philip Asiodu, da Ahmed Joda, waɗanda suka san aikin gwamnati ciki da waje. Yawancin kwamishinonin nan sun fi shi shekaru, sun fi shi sanin siyasa, wasunsu ma ba sa ga maciji da juna. Bai ji tsoron zama a tebur ɗaya da waɗanda suka fi shi sani ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu wanke kowa ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, musamman yara da yunwa ta kashe a Gabas, kuma har yanzu akwai masu ɗauke da tabonsa. Abin da muke nunawa shi ne, saurayin da ba shi da gogewar mulki ya riƙe ƙasa shekara 9, aka gama yaƙi a Janairu 1970 ba tare da ya bi waɗanda aka ci da ramuwa ba. Abin da ya rasa na sani ya aro. Halin yafiya kuwa nasa ne, wanda ya taso da shi.

Uba da ɗa

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalai biyu a gida ɗaya. A cikin 1 Sarakuna sura 3, lokacin da Sulemanu ya hau gadon Dawuda, ya amsa a gaban Ubangiji a Gibeyon cewa shi yaro ne, aikin ya fi ƙarfinsa, ya roƙi hikimar yi wa jama'a shari'a. A sura 12 kuwa, ɗansa Rehobowam ya hau sarauta. Jama'a suka same shi a Shekem suna roƙo ya rage musu nauyin da ubansa ya ɗora musu. Dattawan da suka yi wa Sulemanu aiki suka ba shi shawara ya sassauta. Ya ƙi, ya bi ta abokan tasowarsa, ya amsa wa jama'a da kaushi. A dalilin haka kabilu 10 suka ɓalle suka bi Yerobowam.

Mu lura da abu guda: Rehobowam yana da shekara 41 lokacin da ya hau sarauta. Ba ƙuruciya ce ta kashe shi ba. Gogewar shekaru da yawa tana zaune a fadarsa, an miƙa masa kyauta, ya ƙi karɓa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A wurin aiki, "babba" shi ne wanda ya riga ka zuwa, ko da ka girme shi, ko da kai ne shugabansa.

Yadda ake aron gogewa

Yanzu bari mu sauko ga aikin da yawancinku za su fara da shi, wato koyarwa. Ƙasarmu ta taɓa cika azuzuwa da sababbin hannu a lokaci ɗaya. A watan Satumba 1976 aka fara shirin UPE, wato ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Malamai suka kasa, aka ɗauki mutane da yawa waɗanda ba su da horon koyarwa ko kuwa an yi musu na gaggawa. Don haka ne a shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin malami ya riƙa karatu yana bakin aikinsa. Da yawa daga cikin dattawan ikilisiyoyinmu da suka yi ritaya a matsayin hedimasta ta wannan ƙofa suka shiga. Duk wanda ya zauna da su zai ji kusan shawarwari iri ɗaya. Ga su nan, kuma suna aiki a ofis, da shago, da asibiti, da ikilisiya.

1. Ku faɗi gaskiya tun ranar farko. Wanda ya ɗauke ku ya riga ya san ba ku taɓa yi ba. Idan kuka ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa cika rajista ba, a nuna mini," za a nuna muku cikin minti goma. Idan kuka yi kamar kun iya, za ku ɓata rajistar zango guda, a gano ranar da sufeto ya zo. Ana yi wa baƙo uzuri a makonninsa na farko. Wannan uzuri ba ya daɗewa, sai a mora shi tun yana nan.

2. Ku karanta abin da na gabanku ya bari. Kowane wurin aiki yana da takardu: rajistar aji, littafin tsarin aikin zango, shirin darasin tsohon malami, littafin da hedimasta yake rubuta abubuwan da suka faru a makaranta. A shago akwai littafin bashi. A zumunta akwai rahoton tarurrukan baya. Mutane da yawa ba sa buɗe su, alhali kuwa a ciki ne gogewar shekaru take kwance. Daga rajistar bara kaɗai sabon malami zai gane wane wata ne yara sukan tafi gona, da wane yaro ne yake bukatar a bi shi gida.

3. Ku nemi mutum ɗaya da za ku riƙa tambaya. Ba lalle ya zama shugaba ba. Sau da yawa masinja, ko mai gadi, ko mai dafa abinci wanda ya yi shekara 15 a wurin ya fi kowa sanin yadda abubuwa ke tafiya. Ku gaishe su da ladabi, ku kira su Baba ko Mama yadda ya dace, kada satifiket ya hana ku rusunawa. Matambayi ba ya ɓata. Amma ku zaɓi wanda aikinsa yake da kyau, ba wanda ya fi kowa surutu a ɗakin malamai ba.

4. Ku kalli mai yi. Ku roƙi izini ku zauna a bayan ajin tsohon malami sau biyu ko uku. Ku lura da inda yake tsayawa, da yadda yake raba allo, da yadda yake sa aji ya yi shiru ba tare da ihu ba. Akwai abin da shi kansa ba zai iya bayyana muku da baki ba, gama ya zama masa jiki. Gani ya kori ji.

5. Ku yi shiri fiye da na tsohon hannu. Shi yana iya shiga aji da abin da ke kansa. Ku ba za ku iya ba tukuna. Darasin minti 35 yana iya cin sa'a guda na shiri da dare, kuma ba asara ba ce. Haka nan idan za ku shiga taro, ku rubuta abin da za ku faɗa, ku nuna wa wanda ya sani kafin ku shiga. Darasin Aburi ke nan.

6. Kada ku yi saurin canja abin da kuka tarar. Sabon hannu yakan ga abubuwa da yawa da suke kamar ba daidai ba. Wasu lalle ba daidai ba ne, amma wasu suna da dalilin da bai sani ba tukuna. Ku rubuta su a ɗan littafi, ku tambayi dalili, ku bari zango ɗaya ya wuce. Abin da har yanzu kuka ga yana bukatar gyara, sai ku kai shi ga shugaba cikin ladabi. Wannan ba ya shafi zunubi ba. Idan kuka tarar ana cin kuɗin yara ko ana sayar da amsar jarrabawa, ba a jiran zango kafin a tsame hannu.

7. Ku yi hattara da kuɗi. Kowane kwabo da ya shiga hannunku ku rubuta shi nan take, ku ba da rasit, ku ƙirga a gaban shaida. Kada ku haɗa kuɗin aiki da na aljihunku ko da na dare ɗaya ne. Ana gafarta wa sabon ma'aikaci kuskuren rubutu. Ba a cika manta masa da kuɗin da ya ɓata ba.

8. Idan kun yi kuskure, ku riga kowa faɗa. Kuskure zai zo, babu makawa. Wanda ya kai kansa wurin shugaba da safe yakan sami taimakon gyara. Wanda ya ɓoye har aka gano, laifinsa ya zama biyu.

Haɗarin da ke zuwa daga baya

Akwai wani haɗari wanda ba a farkon aiki yake zuwa ba. Idan mutum ya yi shekara uku ko huɗu, aka fara yabonsa, sai ya ga kamar ya wuce tambaya. Labarin Gowon yana da wannan sashe ma. Awolowo ya bar gwamnati a 1971. Kuɗin mai ya shigo da yawa bayan 1973, koke-koke suka yi yawa a kan wasu gwamnoni, amma ba a canja su ba. A ranar 1 ga Oktoba 1974 ya sanar cewa alkawarin da ya yi na miƙa mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. A ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi. Binciken da aka yi daga baya ya sami 10 daga cikin gwamnoni 12 da laifi, ko da yake shi kansa ba a san shi da tara dukiya ba. Kunnen da ya taimake shi yana sabo, ya fi bukatarsa bayan ya daɗe.

Amma ƙarshen labarin yana da daɗin ji ga ɗalibi. Mutumin da ya yi shekara 9 yana mulkin Nijeriya ya koma aji a Jami'ar Warwick a Ingila, ya zauna tare da samari da 'yan mata, ya yi karatu har ya sami digirin dakta a kimiyyar siyasa. Idan tsohon shugaban ƙasa bai ji kunyar komawa ɗalibi ba, babu dalilin da zai sa ɗan aji shida ya ji kunyar tambayar yadda ake cika rajista.

Kalma ga malamai da iyaye

Aro ba ya yiwuwa sai da mai bayarwa. Saboda haka muna roƙon malamai, da dattawan ikilisiya, da iyaye masu sana'a, kada mu riƙe saninmu kamar kuɗin da muke tsoron ya ƙare. Wani lokaci mukan zuba ido muna kallon sabon ma'aikaci yana tafiya zuwa ramin da muka sani, don mu ce daga baya, "Ai yaran yanzu ba su iya kome ba." Wannan ba halin Kirista ba ne. Yetro ya ga surukinsa Musa yana wahalar da kansa da shari'ar jama'a daga safe har yamma, bai yi shiru ba, ya nuna masa yadda zai raba aikin, kamar yadda muke karantawa a Fitowa sura 18. Bulus ya bar Timoti a Afisa yana saurayi, amma bai bar shi haka kawai ba, ya bi shi da wasiƙu yana koya masa aikin dalla-dalla. Kowannenmu akwai wanda ya riƙe masa hannu a ranarsa ta farko. Hanyar biyan wannan bashi ita ce mu riƙe na wani.

Ku kuwa da kuke barinmu bana, kada ku ƙi aiki don kawai ba ku taɓa yinsa ba, kada kuma ku shige shi da girman kai. Ku tafi da gaskiyarku, da ɗan littafin rubutu a aljihu, da bakin tambaya. Bayan 'yan shekaru wani sabon hannu zai tsaya a ƙofar ajinku yana jin kunyar shigowa. Ku tuna da ranarku ta farko, ku ba shi kujera.

Ubangiji ya bi da ku, ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.